Duwatsun Gabashin Damagaram: Tarihin Baƙi da Masu Gida, da Batun Kiyaye Gadon Ƙananan Al'ummu

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 2006 sunayen wurare biyu na jihar Damagaram suke cikin jerin share fage da Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO, watau jerin wuraren da ƙasa ke fatan a karɓa cikin kayan gadon duniya. Na farko shi ne tsohon birnin Zinder, unguwar Birni da fadar Sarki. Na biyu shi ne dutsen Tarmit, can arewa maso gabas, a bakin hamada. Birni kowa ya san shi, an yi rubuce-rubuce a kansa, ana kuwa kai baƙi su gan shi. Tarmit da sauran duwatsun gabas, watau Muniyo da Kutus, ba su sami wannan gata ba, ko da yake a cikinsu ne al'ummu marasa rinjaye na wannan jiha suka fi zama, Mangawa da Dagirawa da Tubawa.

Sau da yawa idan aka tayar da zancen raya waɗannan wurare, yawon buɗe ido ake fara kawowa. A ce baƙi za su zo da kuɗi, kuɗin su sa mutane su riƙe al'adunsu da sana'o'insu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan zance da ma'aunin tarihi. Za a duba su wane ne mazaunan duwatsun, da matsayinsu a zamanin daular Damagaram, da irin baƙin da suka riga suka ratsa su, da abin da ya sami ƙasar Azbin wadda ta riga kowa gwada wannan hanya. Abin da binciken ya nuna shi ne, baƙi sukan zo su ɗauke ƙafa, kuma abin da yakan saura a bayansu shi ne wanda masu gida suka iya faɗi, suka iya rubutawa da harshensu. Saboda haka batun ya shafi masu nazarin harsuna da masu tsara karatun manya kai tsaye.

2. Duwatsun da mazaunansu

Duwatsun Muniyo suna kewayen garin Gure da kudancinsa, fiye da kilomita 150 gabas da Zinder. Tsaunuka ne na baƙin dutse da ja, tsakaninsu akwai kwaruruka da tafkuna inda ruwa ke kusa, ana noman rani, dabino da goriba suna fita, ana kuma ɗibar kanwa. Mazaunansu na asali Mangawa ne, wani reshe na Barebari, kuma harshensu karin Barbarci ne. Su ne aka sani da dafa gishirin nan da ake kira mangul, wanda fatake suka daɗe suna kaiwa kasuwannin Kano da Katsina. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi cikakken bayani a kan wannan sana'a da fataucinta a littafinsa na 1986 game da gishirin Sudan ta Tsakiya.

Arewa da Gure akwai Kutus, tudu mai faɗi wanda ruwa ya tsattsaga ya bar ganuwoyin dutse. Babban garinsa Kelle. Mutanensa Dagirawa ne, su ma masu jin Barbarci, amma doguwar maƙwabtaka da Abzinawa da Hausawa ta bar alama a cikin maganarsu da al'adunsu. Manoman gero ne masu kiwo, waɗanda suka zauna a iyakar da noman damina ke ƙarewa.

Daga Kutus idan aka ƙara nausawa arewa maso gabas, aka wuce Tasker, sai a iske Tarmit. Dogon dutse ne baƙi da ya miƙe daga kudu zuwa arewa, tsayinsa ya ɗan haura mita 700, rairayin Tenere da na Tin Tumma sun kewaye shi. Nan ƙasar Tubawa ce. Shi kansa sunan Tubu, a ra'ayin yawancin masana, Barebari ne suka laƙaba musu shi, ma'anarsa mutanen Tu, watau duwatsun Tibesti na ƙasar Cadi. Su kam suna kiran kansu Teda da Daza, harsunansu kuwa Tedaga da Dazaga. Wannan ƙaramin misali ne na wata babbar matsala da za a yi ta cin karo da ita a wannan maƙala: sunan da duniya ta san al'umma da shi ba lalle ne ya zama nata ba.

Tubawa makiyayan raƙuma ne. Kowace zuriya tana da alamar da take ɗora wa raƙumanta da wuta, kuma mai ilmin alamun nan yana iya karanta asalin dabba da dangantakar masu ita kamar yadda malami ke karanta allo. Ɗakin tabarma na mace ne. Ba sa aure tsakanin dangi na kusa, saɓanin al'adar maƙwabtansu, kuma Catherine Baroin, wadda ta zauna cikin Dazawan gabashin Nijar ta buga littafinta a 1985, ta nuna yadda wannan doka take haifar da doguwar sarƙar kyautar dabbobi tsakanin gidaje, wadda ita ce ginshiƙin zamansu. A cikinsu kuma akwai Azza, rukunin maƙera da maharba da masu jima, waɗanda a da suke farautar namun hamada da raga. Azza marasa rinjaye ne a cikin marasa rinjaye, kuma da wuya a ji muryarsu idan ana zancen al'adun Tubawa.

3. Duwatsu da Birni a ƙarni na 19

Daular Damagaram ta samo asali ne a wajejen 1730 daga Malam Yunus, kuma ta daɗe tana bin Shehun Barno kamar yadda Muniyo ma take bi. A farkon ƙarni na 19 aka mayar da gadon sarauta Zinder. Ƙarfinta ya kai matuƙa a zamanin Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a gida, ya mai da Zinder babban zango a kan hanyar fatake daga Tarabulus zuwa Kano. André Salifou ya ba da tarihin wannan zamani a littafinsa na 1971 da ya fito cikin jerin Études Nigériennes.

A farkon wannan ƙarni Muniyo sarauta ce mai ƙarfin kanta. Muniyoma Koso ya tashi daga tsohon mazauninsa Bune ya koma Gure, kusa da iyakar arewa inda hare-haren Abzinawa ke fitowa. Duwatsun kuwa su ne garkuwar talakawa: garuruwa da yawa an kafa su ne a gindin dutse ko a kansa, domin in ƙura ta tashi a hau da mata da yara da hatsi. A rabin ƙarshe na ƙarnin, yayin da ƙarfin Barno ya yi rauni, Damagaram ta miƙa hannu gabas, Muniyo da Kutus suka shiga inuwarta. Maikorema Zakari, a bincikensa na 1985 a kan ƙasar Mangari, ya tattara labarun baka na waɗannan sarautu tun daga ƙarni na 16, kuma aikinsa shi ne babbar shaidar cewa duwatsun suna da tarihin kansu wanda bai fara da Zinder ba.

Tarmit kuwa ba ta taɓa zama ƙarƙashin wani sarki da gaske ba. Rijiyoyinta masauki ne ga ayarin da ke tafiya tsakanin kudu da kwaruruwan Kawar, inda ake samun gishirin Bilma da dabino. Dangantakar Tubawa da masu mulkin kudu ta ciniki ce a wani lokaci, ta hari a wani lokaci.

Abin lura a nan shi ne yadda harshe ya bi sarauta da kasuwa. Gidan sarautar Damagaram asalinsa Barebari ne, sunayen sarautu da yawa na fada daga Barno aka aro su, amma Birni ya zama gari mai jin Hausa. Tun daga wancan zamani Hausa take cin iyaka zuwa gabas, kasuwa bayan kasuwa. Ba wanda ya tilasta wannan da takobi, bukatar ciniki ce ta kawo shi. Sai dai sakamakonsa shi ne labarin duwatsu yakan iso kunnen duniya bayan ya bi ta bakin wani.

4. Baƙin farko da abin da suka rubuta

Kalmomin farko na karin Muniyo da suka shiga littafin Turawa ba a Muniyo aka ji su ba. A Firitawun ta ƙasar Saliyo ne wani malamin mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya tattara jerin kalmomi daga bakin bayin da aka ƙwato daga jiragen ruwa, ya buga su a 1854 cikin Polyglotta Africana. A cikin harsunan da ya jera akwai na Muniyo, kusa da Barbarcin Barno da na Kanem. Watau harshen ya shiga takarda ne ta hanyar wanda aka raba da ƙasarsa.

James Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rasu a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa a watan Maris na shekarar. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba 1852, ya ratsa duwatsun Muniyo, ya ziyarci Gure ya gana da Muniyoma Koso, ya iso Zinder ranar 25 ga Disamba. Barth ya sha bamban da sauran matafiya domin yana jin Hausa da Barbarci, har ya tattara kalmomin Tedaga. Duk da haka kwanaki kaɗan ya yi a Muniyo, kuma bayanin kwanakin nan ya zama madogarar masana na shekaru fiye da ɗari.

Bayan matafiya sai sojoji. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka kama birnin. Ayarin Tilho, wanda ya yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya zana taswirar ƙasar ya rubuta tarihin sarautunta ta bakin tafinta. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar mulkin mallaka na Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. A wannan zamani ne sunayen garuruwa da rijiyoyi da duwatsu suka kafu a taswira da rubutun Faransanci, yadda kunnen kumandan ya ji su, kuma har yau da wannan rubutu ake neman su.

Nazarin Tubanci na ilmi ya zo daga baya. Johannes Lukas ya buga nahawunsa da Jamusanci a 1953, Charles da Marguerite Le Coeur suka buga nasu da Faransanci a 1956, Jean Chapelle kuma ya fitar da littafinsa a kan rayuwar Tubawa a 1957. Ayyuka ne masu daraja, babu mai nazarin da zai iya tsallake su. Amma an rubuta su ne don masu karatu na Turai, kuma jikokin waɗanda suka ba da labarin ba su da hanyar karanta su.

5. Darasin Azbin

Ba a taɓa yin yawon buɗe ido mai yawa a duwatsun Damagaram ba. Don haka wanda ke son sanin abin da wannan sana'a ke yi wa al'ummar dutse sai ya dubi maƙwabciyarsu ta arewa, ƙasar Azbin.

Daga shekarun 1970 Turawa masu yawo suka fara kwararowa Agadas. Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sa hotunan Tenere suka zaga duniya. Mano Dayak da kamfaninsa Temet Voyages suka nuna cewa ɗan ƙasa yana iya riƙe ragamar sana'ar da kansa. Samarin da fari na 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu suka sami aikin tuƙi da jagora da dafa abinci. Maƙeran azurfa da dukawa suka sami kasuwar da ba su taɓa gani ba. A 1991 aka sa gandun Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya.

Shekara guda bayan haka, a 1992, aka mayar da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke. Baƙi suka ɗauke ƙafa. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na shekarar. Sannu a hankali kasuwa ta farfaɗo, har jirage suna tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas a lokacin sanyi. A 2007 wani tawayen ya tashi, ya kai 2009. A watan Satumba 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Lokacin da aka karɓi tsohon garin Agadas cikin kayan gadon duniya a 2013, masu zuwa ganinsa daga Turai sun riga sun yi ƙaranci ƙwarai. Direbobi da jagorori da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya ko haƙar zinariya a Jado, wadda aka gano a 2014.

Darasi uku ake iya cirowa daga nan. Na ɗaya, sana'ar da ta dogara ga baƙon nesa tana rataye ne a kan abin da mai gida ba shi da iko a kansa. Harbi ɗaya a wani lardi, ko sanarwa ɗaya daga ma'aikatar harkokin waje ta wata ƙasa, ya isa ya rufe kasuwa shekara da shekaru. Na biyu, kasuwar baƙi tana zaɓen abin da take so. Ta raya ƙirar azurfa da rawani da raƙumi domin suna kyau a hoto, har maƙera suka ƙago sababbin zane don biyan bukatar masu saye, amma ba ta da abin da za ta yi da sunayen ciyayi ko dokokin rijiya ko salsalar zuriya. Na uku, ribar ta fi tsayawa a hannun wanda ke da mota da harshen baƙo. Makiyayin da aka ɗauki hotonsa a bakin rijiya shi ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo.

6. Tarmit: ƙarfe, namun daji da man fetur

Baƙin Tarmit na zamani iri huɗu ne, kuma kowane da abin da ya kawo shi.

Na farko masu binciken kufai. A farkon shekarun 1970 Gérard Quéchon da Jean-Pierre Roset suka yi bincike a dutsen, suka tarar da kayan aikin dutse da tukwane da zane-zanen jikin duwatsu da alamun narkar da tama. Shekarun da aka ƙiyasta wa ƙarfen Tarmit sun kai shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa, wasu ma sun wuce haka, kuma masana sun yi ta muhawara a kan mafi tsufansu. Ko ta wane gefe aka tsaya, sunan Tarmit ya shiga duk wata tattaunawa game da mafarin ƙira a Afirka, har da littafin da UNESCO ta buga a kan batun a 2002.

Na biyu masu farauta. Motoci masu shiga rairayi da bindigogin zamani sun yi wa namun hamada ɓarnar da ragar Azza ba ta yi ba cikin ɗaruruwan shekaru. Mariri ya ƙare ƙaf, jimina ta ɓace daga yankin. Manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa sun riƙa zuwa da shahunansu suna farautar tuje da barewa. Wannan ma yawon buɗe ido ne, mai kawo kuɗi kuwa, amma irin wanda ke cinye abin da ya zo gani.

Na uku masu kare namun daji. Tarmit da Tin Tumma ne mafakar ƙarshe ta dabbar nan mai farin jiki da murɗaɗɗen ƙaho da masana ke kira adaks, tare da mena da ragon dutse da yanyawa. Ranar 6 ga Maris 2012 gwamnati ta kafa gandun Tarmit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000. A 2018 aka damƙa kula da shi ga ƙungiyar Noé ta Faransa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne ƙididdigar dabbobin ba ta yiwuwa sai da makiyaya, domin su ne suka san sawu, suka san inda ciyawa ta fito bayan ruwa, suka san sunan kowane kwari.

Na huɗu masu haƙar man fetur. A 2008 aka ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin filin Agadem, a 2011 aka buɗe matatar SORAZ arewa da Zinder, bututu mai tsawon kilomita fiye da 460 ya haɗa su. Hanyoyi da motoci da masu tsaro suka shiga inda da sai raƙumi. Kafin wannan lokaci ana ƙiyasta adaks ɗin yankin da kimanin 200, amma binciken da aka yi a watan Maris 2016 guda 3 kawai ya gani. A 2019 aka sake shata iyakar gandun aka fitar da babban yanki na gabas inda rijiyoyin mai suke, a 2021 aka sake gyara ta.

Masu yawon buɗe ido na sosai, waɗanda aka yi fatan gandun zai jawo, ba su taɓa yawa ba. Harin da aka kai a gandun raƙuman dawa na Kure ranar 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ya sa Faransa ta gargaɗi ƴan ƙasarta game da kusan duk faɗin Nijar. Kure tana yamma, nesa ƙwarai da Tarmit, amma ƙofar da ta rufe ta kowa ce.

Akwai wani abu guda da duniya ta sani game da Tubawan wannan yanki, watau ayarin mata masu ƙetare hamada da raƙuma zuwa Bilma don ɗibar dabino, wanda Nathalie Borgers ta yi fim a kansa a 2009. Fim ɗin ya nuna matan suna bin taurari suna ƙidayar tuddan rairayi don gane rijiya. Hoton ya kai Turai. Ilmin kansa kuwa, kalmomin taurarin da na tuddan da ƙa'idar ƙidayar, yana nan a bakin matan, kuma zai bi su in ba a rubuta shi ba.

7. Matsayin harshe

Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tsara haruffan harsuna shida na Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausa da Barbarci. Tubanci ba ya ciki. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Zinder, da Hausa. Daga baya gwajin ya haɗa harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Nan ma Tubanci bai shiga sahun farko ba. Dokar 2001 ta lissafa shi cikin harsunan ƙasa goma, kuma an yi ƙoƙarin tsara rubutunsa da buga ƙananan littattafai, amma tazarar da ke tsakaninsa da biyar ɗin farko tana da faɗi. Barbarci kuwa, ko da yake ya sami gurbi da wuri, karin Mangawa da na Dagirawa ba ɗaya suke da na Yerwa ba, kuma littafin da aka shirya da wani kari ba kullum yake zama daidai a bakin mai wani karin ba.

A watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. Wannan ɗaukaka tana tafe da nauyi. A jihar Damagaram Hausa ce harshen da Bamange da Batube da Ba'abzine ke haɗuwa a kansa a kasuwar Gure ko ta Tasker. Tana iya zama gada, ta yadda abin da aka rubuta da Dazaga za a fassara shi ɗan Maraɗi ya karanta. Tana kuma iya zama rigyawa, in aka ɗauka cewa tun da kowa na jin Hausa babu bukatar wahalar da kai a kan ƙananan harsuna.

Nan ne batun yawon buɗe ido ya haɗu da aikin mai tsara karatun manya. Abin da baƙo ke saye a wurin jagora bayani ne: sunan dutsen nan, dalilin sunan, wanda ya haƙa rijiyar nan, amfanin itacen can. In jagoran ɗan birni ne da ya haddace bayaninsa daga littafin Faransanci, to al'ummar dutse ta zama abin kallo a gidanta, kuɗin kuma ya koma birni. In kuwa ɗan wurin ne, wanda ya karɓi ilmin daga dattawa ya rubuta shi da harshensa, to ko baƙi sun daina zuwa, littafin yana nan, makaranta ta gaje shi.

8. Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a fara da sunaye. A tattara sunayen duwatsu da rijiyoyi da kwaruruka da itatuwa da dabbobi na Muniyo da Kutus da Tarmit daga bakin masu su, a rubuta su bisa ƙa'ida da Barbarci da Dazaga, tare da fassarar Hausa. Alamun raƙuma da kalmomin dafa mangul da na farautar Azza su shiga wannan aiki, kuma a tabbata an ji daga bakin mata da na Azza kansu.

Na biyu, abin da aka tattara ya zama shi ne littafin ajin karatun manya na wurin. Makiyayi ya fi saurin koyon baƙi da wasali in kalmar farko da ya rubuta sunan rijiyarsa ce.

Na uku, jagorori su fito daga waɗannan azuzuwa, su haɗu cikin ƙungiyar da al'umma ta yarda da ita, ita ce za ta yanke abin da za a nuna da abin da ba za a nuna ba, da yadda za a raba abin da aka samu. Kaburbura da kufai da zane-zanen duwatsu suna bukatar mai tsaro na kusa, domin abin da aka ɗauke daga kufai ba ya dawowa.

Na huɗu, a dubi baƙon kusa kafin na nesa. Jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010, tana da ɗalibai masu bukatar filin bincike. Bikin 18 ga Disamba da aka yi a Zinder a 2006 da kuma 2018 ya nuna cewa ƴan ƙasa suna tafiya don ganin ƙasarsu. Akwai kuma mutanen Kano da Daura da Nguru da Gashuwa, waɗanda kakanninsu suka ci gishirin Manga, suke kuma jin harsunan wurin. Kuɗinsu bai kai na Bature ba, amma ba sa jiran izinin wata ma'aikata ta Turai kafin su taso.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Daga Barth a 1852 zuwa masu ƙidayar adaks a 2016, duwatsun gabashin Damagaram sun ga baƙi iri iri, kowane ya ɗauki abin da ya zo nema ya rubuta shi da harshensa. Aikin da ya rage, wanda ya rataya a wuyan cibiyoyin nazarin harsuna da hukumar yaƙi da jahilci, shi ne a ba Mangawa da Dagirawa da Tubawa alƙalamin da za su rubuta nasu bayanin kafin ayari na gaba ya iso.